Cinya Ɗaya a Akushi

Ni 'yar Tsafe ce, aure ya kai ni Bungudu, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara nasu ya nasu su tafi. Da ɗingishi na shiga gidan miji. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni ina 'yar shekara huɗu, da na tashi sai ƙafar hagu ta ƙi biyo ni. Maigidana ya san da haka ya aure ni, kuma shekara uku muna tare bai taɓa ɗaga maganar ba. Wannan shirun nasa na ɗauka ƙauna ce. Kai, ƙuruciya!

Kajina kashi biyu ne. Akwai lafiyayyu, waɗanda in na buɗe akurki da safe ba na sake ganinsu sai almuru. Akwai kuma musakai guda uku da ke zama da ni a tsakar gida. A unguwarmu in kaza ta nakasa wuƙa ce maganinta, in ta yi ƙanƙanta da yanka a wurga ta bola. Tun da aka ga na tsinci wani ɗan tsako da shirwa ta tsone wa idanu na raya shi, sai mata suka mai da ni bolar. Kowace ta miƙo tata ta kan danga tana cewa, "Ungo, ke ce mai haƙurinsu." Haƙuri ko? Na san abin da ke ransu, sun ga abin ya dace da ni ne. Ina karɓa, amma ba na gode musu.

Ɗan tsakon nan ya zama zakara, makaho, sai na ƙwanƙwasa ƙwarya yake bin ƙarar ya zo ga tsaki. Ta biyu ciwon kaji ne ya murɗe mata wuya, kanta na kallon sama. In ta kai sara sai ta sari iska, don haka jiƙa dusa nake yi ina ɗura mata da yatsa, ina ɗiga mata ruwan maɗaci.

Ta uku ita ce tawa ta zuci, wata jar kaza da jakin maƙwabta ya taka. Ƙafar ta ruɓe har tana wari. Ni na yanke ƙafar da aska tun daga cinya, na danna wurin da toka mai zafi, na yi kwanaki ina shafa man kaɗanya ina ɗaurewa da tsumma. Ta warke, ta koyi tsalle tana dogarawa da fiffike. Abin da ba ta iya ba shi ne tono, domin in ta ɗaga ƙafar da za ta tona da ita ba abin da za ta tsaya a kai. Sai nake cusa kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya in kife a bayan gida, da safe in kakkaɓe mata gara. In na zauna tsince gero sai ta tsallo ta jingina da ni. Ban haihu ba a lokacin, kuma ba na jin kunyar faɗa, hira nake yi da ita.

Wurin kwanci ba ta da na biyu. Da damina wata Bafillatana mai kawo mana nono daga wajen Nahuce ta kawo mini ƙwan zabi, a kan in kazar ta ƙyanƙyashe mu raba 'ya'yan. Na zuba ƙaiƙayi a kasko na jera ƙwan, na ɗora ta a kai. Saura kwana huɗu su fashe baƙo ya zo.

Wani Alhaji ne daga Gusau, babban mai sayen gyaɗa, yana neman wanda zai riƙa yi masa awo in kaka ta yi. Maigidana ya daɗe yana mafarkin wannan aikin. Ya shigo kafin azahar yana haki, ya ce a yanka kaza yanzu-yanzu. Ya bi lafiyayyun da gudu, suka tsallake danga suka shige gero, gero kuwa ya fi mutum tsawo. Ya dawo jiƙe da gumi. Na ga inda idonsa ya sauka.

Na ce, "Malam, kwanci take yi. Ƙwan mutane ne a ƙarƙashinta."

Ya ce, "Ke, Alhaji na zaure kina yi min zancen ƙwai?"

"To ga zakaran, ɗauke shi."

"Wannan ƙashin? Mi zai ci a jikinsa?"

Ya cusa hannu ya ɗago ta yana auna nauyinta. Ta yi ƙiba, ni na yi mata ƙibar da garar da nake kai mata har kasko. Ko kuka ba ta yi ba, ta saba a ɗauke ta. Na roƙe shi, na ce kazata ce, ba da kuɗinsa aka saye ta ba. Ya ce zai sai min biyu masu ƙafa huɗu, ya zaga bayan rumbu da wuƙa. Ni na fige ta, ni na dafa.

Akwai abin da ya manta cikin gaggawarsa, ni kuwa ban manta ba. Kazar babban baƙo a cike ake kai ta, cinya biyu, ƙirji, hanta da ƙundu. Baƙo kan duba kafin ya sa hannu, in wani abu ya ɓace to an riga shi ci ke nan, saura aka kawo masa, kuma wannan cin mutunci ne. Ina zuba naman a akushi ina kallon cinya ɗaya, na ja bakina na yi shiru. So nake ya ji kunya, ba zan ɓoye ba.

Na kai akushin ƙofar zaure ta ciki, ya karɓa, ni kuma na laɓe bayan zana. Na ji an buɗe faifai.

Alhaji ya ce, "Malam, ina ɗaya cinyar? Ko an riga ni ne?"

Maigidana ya hau rantsuwa, ya ce wallahi ba wanda ya taɓa, kazar ce ƙafa ɗaya gare ta.

"Au! Gurguwa ka yanka min? Ashe nan matsayina ya tsaya."

Na ji ya mayar da faifai ya rufe. Allah ya gafarta mini, daɗi na ji har cikin raina.

Sai na ji maigidana ya yi wata 'yar dariya da ban san shi da ita ba. Ya ce, "Alhaji, ka yi min aikin gafara, gidan nawa ne haka. Gurguwa ta kiwata gurguwa, gurguwa ta dafa. Da za ka ga tahiyar mai girkin, da ka ce kazar ta fi ta sauri."

Alhaji ya fashe da dariya, ya ce yaya take yi? Na leƙa ta ɓular zana. Maigidana ya miƙe, ya tattare riga, ya taka daga wannan bango zuwa wancan. Tafiyata ce sak. Yadda nake jan ƙafar, yadda kafaɗata ke faɗawa, har yadda nake dafa gwiwa in zan juya, abin da ni kaina ban san ina yi ba sai da na gani a jikinsa. Alhaji ya yi dariya har ya ƙware, ya ce a sake. Ya sake. Sannan Alhaji ya jawo akushi ya yi bisimilla.

Can maigidana ya ƙwala mini kira in kawo ruwan wanke hannu. Daga randa zuwa ƙofar zaure bai fi taku ashirin ba, yana tsaye a ƙofar yana jirana, har yanzu da sauran dariya a fuskarsa. Haka na taho yana kallo.

Ƙwan zabin na lulluɓe su da tsumma a gefen murhu, ina juya su safe da yamma, ko ɗaya bai fashe ba. Da Bafillatanar ta zo na faɗa mata gaskiya, ta ce Allah ya mayar da alheri, amma ba ta sake sauke ƙwaryarta a gidanmu ba. Maigidana kuwa ya samu aikin, bayan kaka muka koma Sabon Gari a Gusau. Ya sai min kaji biyun da ya yi alkawari, kuma har ya rasu bai san na ga abin da ya yi a zaure ba. Mutane suna cewa na yi dacen miji, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, gaskiya ne. Shekara talatin muka ƙara yi tare. In yana tsakar gida, ba na tashi daga inda nake zaune sai ya fita.