Jaririn da ke cinyar uwar Scholastica

Malama Scholastica ta shekara talatin da biyu tana koyar da lissafi a firamare a Kafanchan, mace ce da ba ta yarda da "wataƙila". Ni Edna, maƙwabciyarta, na sha faɗa da ita a kan wannan hali. Amma abu ɗaya ya gagare ta lissafi.

Uwarta ta rasu tana da wata bakwai. Abin da ya rage mata hoto ne guda: mace a kan kujerar kaba, jariri a cinyarta da hular saƙa, bayansu labule mai zanen jirgin ƙasa. Kafin a haifi Scholastica an yi wata 'ya, Regina, wadda ba ta yi rai ba. In an ɗauki hoton a 1958, Regina ce. In a 1961 ne, to ita ce, kuma tana da shaida cewa uwarta ta taɓa riƙe ta.

Da ma akwai hatimin mai hoto a baya. Sai 'ya'yanta, masu wayon banza, suka manna shi a kwali da gam don ya shiga firam. Da ta ɓamɓare, rabin suna kawai ya fito: "Okwu".

Shekara biyu tana yawo da shi cikin Littafi Mai Tsarki. Ta bi tsofaffin ma'aikatan reluwe, ta bi fastoci, ta shiga falon mutane tana leƙa bangonsu ko za ta ga labulen nan. Na ce mata ta bar wahalar da ƙafafunta, ta ce in kula da miyata. A ƙarshe ta gano shagon wani Okwudili ne, kusa da tasha, wanda ya tafi a 1966 bai dawo ba. Wanda ya yi masa aiki, Baba Yafet, yana nan da rai a garin Gidan Waya.

Na raka ta. Tsohon ya kai hoton dab da idonsa, ya daɗe.

"Baba, wace shekara ce?" in ji ta.

"'Yata, labulen nan ya yi mana shekara tara. Ba zan iya ce miki ba."

"To jaririn fa?"

Sai ya jawo wani tsohon gwangwanin biskit, ya fito da hotuna uku. Mata uku daban, kujera ɗaya, jariri ɗaya, hula ɗaya.

"Ɗan maigidana ne," ya ce. "Matan ƙauye ba su yarda a ɗauki hoton jariransu, sun ce na'urar tana shan jinin yaro. Sai su bar nasu a gida, matar maigidana ta ara masu nata."

Ni dai haushi ya kama ni, ban san da wa ba. Scholastica ta riƙe gefen benci.

"Ke nan akwai wanda ta bari a gida, don tana tsoro kada wani abu ya same shi," ta ce a hankali. "Baba, wa ta bari?"

Ya girgiza kai.

Hoton yana nan a falonta har yau. In baƙo ya tambaya ko ita ce a cinyar, sai ta ce a'a, ɗan mutane ne, ta tashi ta kawo masa ruwa.