Shamuwa Ta Goma Sha Biyu

Wallahi wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma ko da yake shekaru sun ja, in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Lokacin ina aikin malamin gona, ina zaune a Funtua, kullum ina kan babur tsakanin Maska da Tsiga da ƙauyukan da ke bayansu. To wasu masu bin diddigin tsuntsaye suka raba mana madubin hangen nesa da ɗan littafi, wai in bazara ta kama mu riƙa rubuta tsuntsayen da ke wucewa, wane iri ne, guda nawa, a ina, wace rana. Abokan aikina a aljihun tebur suka jefa nasu, ni kuwa da Allah ya yi ni da shegen bin ƙwaƙƙwafi, ko tsattsewa ce ta gilma ta yi arewa sai na tsayar da babur na rubuta.

Wata Litinin da hantsi na shiga wata 'yar unguwar Maguzawa a bayan Tsiga, gida goma sha ɗaya ne cif, da wata ƙatuwar tsamiya a tsakiya. Shamuwa sun sauka a kanta, kun dai san su, in sun iso manomi ya fara gyaran gona. Na ciro littafi na fara nuna su da yatsa. Sai wani tsoho mai suna Nomau, wanda na saba shan furarsa in na je duba masara, ya taso daga gindin rumbu ya kama hannuna.

"Malam, ba a ƙirga su. Kowane gida a nan da tasa. Ranar da ta gidan mutum ta ɓace, maigidan ya gama noma. Wanda ya ƙirga kuwa, ya sa kansa a ciki."

Na yi dariya, Allah ya yafe mini, na ce, "Haba Baba, tsuntsu ne fa." Yana juya baya na ƙarasa ƙirgata, na rubuta goma sha ɗaya.

Washegari na biyo ta wajen, na sa madubi, sai na ga goma sha biyu. Ta ƙarshen tana can ƙasa a reshe ita kaɗai, ba ta kiwo, ba ta gyaran fiffike, ni kawai take kallo. Nomau ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Ga taka nan ta zo." Na yi ta maza na buɗe littafi zan rubuta, kai jama'a, sai na tarar an riga an cika layin da ke ƙasa da na ranar. Rubutuna ne, da irin yadda nake karkata baƙi, da birona, an sa ranar Juma'a mai zuwa, a gabanta an rubuta shamuwa goma sha ɗaya. Na rantse da Allah ban rubuta ba, kuma littafin nan a aljihun rigata yake kwana.

Na nuna wa Nomau, shi da bai iya karatu ba, na karanta masa. Sai ya tambaye ni 'ya'yana nawa. Na ce uku, babbar ko makaranta ba ta shiga ba. Ya gyaɗa kai ya ce, "Tafi gida, kada ka dawo sai an sauko daga masallacinku ran Juma'a. Zan yi wa shamuwan magana."

Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Na ajiye babur, na ƙi zuwa aiki, na yaga shafin na ƙona, na yi ta addu'a ina istigfari, don na san rai a hannun Allah yake, amma tsoro bai bar ni ba. Maiɗakina ta yi tambaya har ta gaji, ni dai sai in zauna in zuba wa yaran nan ido, ina tunanin wa zai riƙe su.

Ran Juma'a ana sallame salla na hau babur, ina tafe kamar mai ɗauke da ƙwai. Tun daga nesa na ji kukan mata. Na tsayar da wani mutum mai fartanya a kafaɗa, ya ce Nomau ne, da safe ya zauna a gindin tsamiya yana 'yan maganganu shi kaɗai, aka zo kiransa shan kunu aka tarar ba rai, mutumin da ko ciwon kai bai yi ba.

Ban so in ɗaga kai ba, amma na ɗaga. Ban ƙirga ba, wallahi ban ƙirga ba, sai dai na ga sheƙar da ke saitin gidan Nomau wayam, ita kuwa tawa ta bar reshenta na ƙasa ta hau sama cikin 'yan'uwanta tana gyaran fiffike.

Ni ban ce ga abin da ya faru ba, ajali ne ya zo wa bawan Allah, haka na yi imani. Amma na mayar da madubin da littafin, kuma har yau duk bazara shamuwa guda ɗaya takan sauka a kan rufin gidana a Funtua, ta yini, ta tashi. Yarana har murna suke yi in sun gan ta. Ni kuwa daga an fara jin ƙamshin hadari ba ni da sukuni sai na ga ta iso.

Don Allah, in kun shiga garin mutane tsoho ya kama hannunku ya ce kada ku ƙirga, ku mai da biro aljihu. Bana shamuwar tawa ta yi jinkirin kwana huɗu.