Tafintan da Bai Ji Ko Kalma Ɗaya Ba

Edita, duk ranar da aka tashi rubuta tarihin ilimi a ƙasar Malumfashi da adalci, dole a ware babi guda ga shekarun da ni kaɗai ne mai jin Indiyanci daga Ƙarfi har Tsiga. A lokacin ina saurayin malamin Turanci a wata sakandare, ga sabon keke, ga biro uku a aljihun gaba. Indiyancin nawa kuwa a siliman Funtuwa na tsince shi, bai wuce kalma arba'in ba, rabi na soyayya, rabi na ɗaukar fansa. Amma a garin da ba mai ko ɗaya, arba'in ɗin nan digiri ce.

Muna da abokin aiki Ba'indiye, malamin lissafi, mutum mai kawaici. Da zai koma gida ya bar mini kaset ɗin bidiyo, ya ce tsohon fim ne na yankinsu na kudu, marar kala, irin wanda mahaifinsa ya kalla yana saurayi. Daga labaran addininsu aka ɗauko shi, 'yan wasan ma daga dandamali suka fito. Ya ce harshen sunansa Kannada. Na gyaɗa kai irin na masana, a raina ina ganin bambancin ba zai wuce na Katsinanci da Zazzaganci ba.

Da kaka ta yi aka sayar da auduga, wani Alhaji mai injin niƙa ya sayi bidiyo da janareto, ya aiko a ce Malam ya zo da kaset ɗinsa ya yi wa jama'a fassara bayan la'asar. Zaure ya cika har ƙofa. Aka kunna. Minti biyar ina kasa kunne, ko ɗaya daga cikin arba'in ɗina ba ta leƙo ba. Alhaji ya waiwayo ya tambaye ni ko yau Indiyancin ya tafi hutu ne, aka bushe da dariya. A nan ya kamata in ce ban sani ba. Sai na gyara murya.

Wani ya bayyana da hannu huɗu, na ce manomi ne da ya roƙi ƙarin hannu saboda tsinkar auduga ta yi masa yawa. Manoma suka ce wallahi ya yi dabara. Sarki mai kai goma ya fito, na ce kowane kai da nasa ra'ayin, shi ya sa ba a taɓa gama taro a fadarsa ba. Da kwamitin makarantarmu na yi awo. Kibiyoyi suka haɗu a sama suna tartsatsi, na ce rikicin iyakar gona ne. Idan aka shiga waƙa, kuma sukan daɗe a ciki, in sha ruwa in shirya ƙarya ta gaba. Kaka uku muna haka, kuma har yau ban ƙara jin daɗin wani aji kamar na zauren nan ba: ƙamshin gasasshiyar masara, ƙarar janareto, da fuskoki a buɗe.

Wanda ya tsaya mini a rai wani dattijo ne, tsohon makiyayi da ya zauna ya kama noma. Kullum yana sahun gaba, sanda a kan gwiwa, yana gyaɗa kai. In an tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya ƙara ilimi, Malam. Kowace kaka sai ya aiko mini da man shanu da damin dawa. Ni da nake zane ɗalibi a kan satar amsa, ga ni ina cin tuwon dawar mutumin da ya amince da ni a kan abin da ban sani ba. Sau da yawa na ɗaura niyyar faɗa masa gaskiya, in na ga fuskarsa sai in ce bari sai wata kakar. Aka yi mini canjin wurin aiki, daga baya na ji ya rasu. Na je gaisuwa, na yi addu'a, na dawo da maganata a ciki.

Abin da na koya shi ne, wanda aka ɗora wa sunan sani ya fi kowa tsoron cewa bai sani ba, kuma ƙaryar da aka tafa wa ta fi wuyar janyewa. Ina jan kunnen malamai matasa, musamman masu biro uku: ku faɗi iyakar saninku tun mai haƙƙi yana da rai, domin kabari ba ya karɓar gyara.

Bara na haɗu da babban ɗan dattijon nan a kasuwar Funtuwa, shi ma ya yi furfura. Na ja shi gefe na zayyana masa komai, na nemi ya yafe mini a madadin mahaifinsa. Sai ya ce ai Baba kunnensa ya mutu tun kafin a kawo bidiyo garin. Fararen shanun da ke cikin fim ɗin yake zuwa kallo.