Taimamar Malam Isiyaku

Har gobe ban manta da ranar da aka tura mu gadin wani bikin kiɗa a cikin sahara, kudu da Doha, ba. Watan Janairu ne, lokacin sanyi, ban daɗe da zama tim lida ba, wato mai kula da rukuni ɗaya na masu gadi. A samana akwai sufabaiza, a samansa kuma akwai masu biki. Ku sababbi ku riƙe wannan: a aikinmu ƙorafin mai biki ba bincikarsa ake yi ba, rubuta shi ake yi. Gargaɗi biyu ya hau kanka, ba za a sabunta maka kwantiragi ba.

Da hantsi bas ta kwashe mu daga Najma, unguwar da muke kwana a Doha. Muna isa muka tarar an kafa rumfuna, an rataya ƙyallaye masu launi kala-kala da zanen ido a tsakiyar goshi. Kiɗan na na'ura ne, ba ganga ba mawaƙi, dum-dum-dum ɗaya tun safe har ƙirjinka ya fara amsawa. Mahalarta yawancinsu baƙi ne masu bin irin wannan biki ƙasa-ƙasa. Ba takalmi, fuska duk fenti, suna tsalle ido rufe. An ce a wasu wuraren da ƙwaya ake haɗawa, amma nan dokar ƙasa ba ta wasa, don haka suka ce su da kiɗa da numfashi kawai za su kai inda za su. Wai ibada suke yi. Ni da na tashi kusa da gidan 'yan bori, na san ko su sun san sunan abin da suke kira. Waɗannan ko ka tsare su da tambaya, ba abin da za ka samu sai murmushi.

Shugabarsu wata mata ce da muka sa wa suna Uwar Turare, don duk inda ta bi hayaƙi na biye da ita. Ta tara mu, ta dafa ƙirji, ta ce a wannan fili babu babba babu ƙarami, duk rai ɗaya ne. Sannan ta roƙi mu riƙa tsayawa bayan rumfuna, saboda yunifom ɗinmu yana ɓata wa mutane natsuwa.

A rukunina akwai Malam Isiyaku, mutumin Malumfashi, dattijo mai furfura, ɗakinmu ɗaya da shi a Najma. Yana da gargaɗi ɗaya, na ranar da gwiwa ta matsa masa aka same shi zaune a bakin aiki. Kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, kuma da wannan aikin yake riƙe da gida da yara 'yan makaranta. Shi ya sa ko tari zai yi sai ya waiga.

Tankin ruwan ma'aikata bai zo ba. 'Yar gorar da aka raba mana da safe ta ƙare tun azahar. Ga rumfa guda cike da ruwa, an jera shi a kan wasu duwatsu masu ƙyalli, ana kaɗa masa kwanon tagulla. Na je na roƙi Uwar Turare ko kaɗan. Ta sake dafa ƙirji, ta ce wannan ruwan an yi masa niyya ne domin masu ɗaure da shaidar shiga a hannu, namu kuma yana hanya.

Da la'asar muka fara salla bi da bi, tunda ba a barin wurin tsaro ba kowa. Malam Isiyaku ya zagaya bayan rumfa, ya yi abin da kowane Musulmi yake yi in ya rasa ruwa: ya dafa yashi da tafukansa, ya shafi fuska, ya sake dafawa ya shafi hannuwa, ya ta da salla. Kafin ya yi sallama mutane sun kewaye shi. Sun durƙusa suna dafa yashi suna goga wa fuska, wasu na ɗaukar hoto, wata har da hawaye. Wallahi ban san lokacin da takaici ya sa ni dariya ba.

Sai ga Uwar Turare da gudu. Ta ce wannan tsohuwar gaisuwar ƙasa ce ta mutanen sahara, abin da suka daɗe suna nema ke nan. Tana so gobe da faɗuwar rana ya cire yunifom, a sa masa farar riga, ya jagoranci jama'a a babbar rumfa, ana kiɗa a hankali. Turancinsa kaɗan ne, ni na fassara masa.

Ya ce, “Habu, gaya mata ba gaisuwa ba ce. Ruwa ne babu. Ta ba mu ruwa ta gani, alwala zan yi.”

Na gaya mata kalma da kalma. Na zaci kunya za ta kama ta. Ina! Sai ta lumshe ido ta ce ai hakan ya fi kyau, mutum ya yi ibada ba shi da komai. Ko gora ɗaya ba ta ce a kawo ba.

Da ya ƙi, ta kira sufabaiza, ta ce wannan mai gadin ya yi mata tsaurin ido, kuma yana ɗauke da mugun ruhi mai lalata taro. Sufabaiza ya ja mu gefe, ya ce da Malam Isiyaku yalla, wato maza, ya dafa yashin nan kawai a wuce wurin, khalas, shi ke nan, ya tuna gargaɗin da ke kansa. Ni ma na ce, “Malam, ka duba yara.”

Ya ce, “Na duba su. Amma da wannan nake tsayawa gaban Ubangijina, ba zan yi shi da kiɗa ba.”

A ranar aka cire shi daga wurin, aka rubuta gargaɗi na biyu. Kwantiragi na ƙarewa ni na ɗaukar masa jaka zuwa filin jirgi, raina a ɓace, shi kuwa yana ta ba ni haƙuri kamar ni aka kora.

Abin da na koya shi ne, mai biki ba ya ganin mai gadi. Ko dai kai yunifom ne da ake ɓoyewa bayan rumfa, ko kai abin kallo ne. Masu yawan cewa duk ɗaya muke, su na fi sa wa ido yanzu, kuma duk inda aka kai ni, kafin na raba wa kowa wurin tsayuwa sai na ga ruwan ma'aikata da idona.

Gaisuwar ƙasa kuwa ba ta fasa ba. Washegari da faɗuwar rana wani mai fenti a fuska ya sa farar rigar ya jagoranta. Ina tsaye bayan rumfa, maƙogwarona a bushe, ina kallonsu sun cika fili suna taimama, kowanne da gorar ruwa cike a gefen gwiwarsa.