Fedar Hagu ta Dogo Makaɗi

Jama'a, wannan abin da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ko yanzu da na zauna rubuta shi sai da tsigar jikina ta tashi.

Ƙarshen shekarun tamanin ina zaune a Morris Heights, wata unguwa a Bronx can ƙasar Turawa, ina kasa agogo da tabarau a Canal Street, to da sanyi ya shigo kasuwa ta mutu, sai wani maƙwabcina ɗan Kumasi ya samo mini aikin ɗaukar kaya a wani ɗakin gwajin kiɗa. Wasu Turawan Ingila ne suka kama wurin, masu gashi har gadon baya, masu kiɗan nan na jita mai ƙara kamar ana rushe gini. Har na bar aikin ban gane me suke wa ihu ba.

Makaɗin gangarsu nake wa aiki, ina ce masa Dogo, yana amsawa. Mutumin kirki ne, shi kaɗai yake tashi in yi sallah a kan kafet ɗinsa. Ya ce mini ubansa a masana'antar ƙarfe ya ƙare, shi kuwa tun yana ɗan sha shida ya bar makaranta ya bi kiɗa, shekara ashirin yana kwana a mota daga gari zuwa gari, ban da wannan bai iya komai ba.

Manyan ganguna biyu gare shi a ƙasa, kowacce da fedarta irin ta keken ɗinki, ƙafa ke takawa sanda ta doki fatar. Aikina in tsuguna kusa da ƙafafunsa in riƙe gangunan kada su zame. Wata rana da azahar ana cikin kiɗa na duba, sai na ga ƙafarsa ta hagu a ƙasa, gefe guda, ko motsi ba ta yi, amma fedar tana sama tana ƙasa ita kaɗai. Innalillahi! Na murza ido na sake dubawa, tana nan tana yi, ba waya, ba komai a jikinta, ni da hannuna na ɗaura ta da safe.

Da aka tashi ya ga fuskata, ya ja ni bayan sifika.

"Ka gani ko? Wata takwas ba na jin ƙafar nan, likita ya ce jijiya ce. In abokan kiɗana suka sani, gobe za su ɗauki wani."

Na ce, "To wa yake takawa?"

Ya ce bai sani ba. Wai ranar da ya dawo daga asibiti ya zauna shi kaɗai a gaban gangunan yana kuka, ya ce ko wane ne ya taimake shi, washegari fedar ta fara. "Da can ita ke bi na. Yanzu ni ke bin ta, kuma kullum sai ta ƙara sauri."

Na so in gudu, amma tausayinsa ya hana ni. Kwana uku ko abincin kirki ban ci ba.

Ranar da mutanen kamfanin da ke buga musu faifai suka zo saurarensu kafin a tafi zagayen wasa gari-gari, ya ce mini, "In na waiwayo na dube ka, ka riƙe fedar." Na ce ai asirinsa zai tonu. Ya ce ya sani.

Aka fara lafiya, can sai fedar ta ɗauki wuta, sauri kan sauri, masu jita suna murna, mutanen kamfani suna kaɗa kai, ni kuwa ina ganin jijiyoyin wuyansa sun miƙe, leɓensa ya yi shuɗi, numfashinsa sama-sama. Ya waiwayo. Allah ya sani sai da na yi jinkiri, don na san hanyar abincinsa zan kashe. Ya sake waiwayowa, na yi bisimillah na danƙe ta.

Wallahi nauyin ƙafar mutum na ji a kan hannuna, da tudun dunduniya, sanyi ƙalau. Ta taka sau biyu, yatsuna biyu suka karye, sannan ta ɗaga a hankali.

Gangar hagu ta yi tsit, kowa ya ji. Aka ce ya sake, ƙafa ta ƙi. Kafin sati ya ƙare sun ɗauki wani. Da na raka shi filin jirgi zai koma Ingila, ya riƙe hannuna mai bandeji ya daɗe, bai ce na gode ba, ni ma ban ce ya yi haƙuri ba. Ban ƙara jin labarinsa ba.

Har yau ban san mene ne ba. Malamin da na tambaya a Bronx cewa kawai ya yi in riƙe azkar. Sai dai wani lokaci ina zaune matata za ta ce, "Malam, bar buga ƙafar nan mana," in duba in ga ta hagu ce, ni kuwa ban san tana yi ba.

Don Allah duk tsananin da kuka shiga, in za ku nemi taimako ku kira sunan Allah. Kada ku ce "ko wane ne", don ba ku san wa yake saurare ba.