Rabon Shagon da Na Fara Zaɓa

A gidanmu, idan za a raba abu, ƙarami ne ke kasawa, babba ya fara ɗauka. Haka muka yi ni da ƙanena a shekarar da muka raba shagonmu na gyaran kwamfuta a Mubi.

Muna saka wa mutane wata manhajar tafiyar da kwamfuta wadda ake bayarwa kyauta, kowa kuma yana iya buɗe cikinta ya gyara. Sai kamfanin da ke yin ta ya raba ta biyu. Ɗaya ta kwamfutar tebur ce, kyauta, tana sauyawa kullum. Ɗaya ta saba ce, wato babbar na'urar da ke riƙe bayanan ma'aikata gaba ɗaya. Ita ba ta motsi, kuma sai ka biya kamfanin ya tsaya maka.

Ƙanena ya kasa aikin gida biyu haka nan, ya ce, "Hamma, zaɓi." Haka ƙane yake kiran wansa a wajenmu.

Na zauna a Duwala da Njamena da Khartum, ko'ina kuma shagon da ya cika da mutane shi na ga ana girmamawa. Na ɗauki ɓangaren tebur: ɗalibai, malamai, masu buga katin biki. Na bar masa na'urori marasa baki a ɗakunan da ba kowa.

Sai daga baya na gane dabarar kamfanin. Ta tebur gonar gwaji ce. Mu muke cin karo da kurakuranta, mu yi ƙorafi, a gyara, sannan a kwashe mai kyaun a kai wa saba a sayar. Ƙanena ma haka ya mai da ni. Yakan zo ya sha shayina, yana sauraron abin da ya lalace a hannun mutanena.

Yau ofisoshi mota suke aiko masa. A wani biki a unguwar Kolere, dattawa suka tsallake ni suka fara gaishe shi, suna "Injiniya". Ni kuwa wata mata ta tare ni, wai firintarta ta ƙi.

Makon jiya ya leƙo shago.

"Hamma, sabuwar manhajar ta fito. Ka gwada?"

"Kai ba ka da hannu ne?"

"Haba Hamma, wa yake gwaji da na'urar asibiti? Kuma ai kai ka fara zaɓa."

Na zage shi da Faransanci, don ba ya ji. Sannan na tura masa kujera, na gaya masa inda take maƙalewa.