Inna Yalwa, Wadda Ta Duba Ƙarƙashin Harshen Ɗana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, da hantsi, labarin rasuwarki ya iske ni a aji ina koyarwa. Inna Yalwa, ungozomar unguwarmu ta bakin ruwa a Wara, kin amsa kiran Ubangiji bayan jinyar kwana shida.

Ba ki da sakin fuska, kowa ya sani. Kin sha korar maza daga ƙofar ɗakin mai jego da tsawa. Amma ni ina da abin faɗa a kanki.

Da na haifi Sulaiman, kwana goma sha biyu yana kama mama yana saki, yana kuka, yana ramewa. Kan nonona ya tsattsage har jini. Dangin mijina suka tatsi ruwan nonon a ludayi suka jefa tururuwa. Ta nutse, suka ce nonona ba shi da kyau, a koma ba yaro na akuya. Duk karatuna na yarda da su, na ji kunyar kaina.

Kika zo, ba ki ko kalli ludayin ba. Kika ce in ba shi ki gani. Kika zauna kina kallon bakinsa, sannan kika wanke hannu kika ɗaga harshensa da yatsa.

"Nonon ɗiyar ga lahiya lau ya ke," kika ce musu. "Linzami na ya ɗaure mai halshe. Kada kowa ya sa mai aska, a kai shi asibiti."

Da kanki kika raka mu Yelwa. Likita ya yanke zaren naman cikin ɗan lokaci, yaro ya sha har ya yi barci.

A mota muna dawowa na tambaye ki inda kika koyi wannan. Kika ce:

"Ɗana na hwari haka ya yi ta yi har ya tahi. Shekara ishirin ina cewa nonona ya kashe shi, sai wata malamar asibiti ta nuna min a bakin ɗan wasu."

Sulaiman yana aji uku yanzu, Inna. Naki bai kai kwana arba'in ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da shi a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Rukayya da Auwal, da duk matan bakin ruwa. Allah Ya ba mu haƙuri, amin.

Fiddausi Bello, Wara